Muryarka da Na Goge

Assalamu alaikum, Yaya Auwalu. Gaisuwa da girmamawa daga ƙaninka, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wannan ba za ta iso inda kake ba, amma abin da ke cina ban iya faɗa wa mai rai ba tukuna.

Ka tuna ranar da muka shiga birni sayen na'urar gem, bayan mun sauke tumatur a Kadawa? Mai shago ya ajiye mana biyu, mai ƙaramin memori da mai babba. Ka ɗora hannu kan babbar. Ni kuwa, sarkin wayo, na ce ƙwallo kawai za mu buga, ba gidan kallo za mu buɗe ba. Ka yi dariya ka ce, "To Malam Tsimi, yadda ka ce." Muka ɗauko ƙaramar.

Ashe kai ne za ka cika ta. Mu dawo daga ban ruwa da taɓo har gwiwa, ko wanka ba ka yi ba sai ka ce a kunna. Duk ƙwallon da ka ci ni sai ka ajiye bidiyonsa, har da ihunka da dariyar nan taka mai ban haushi. Na sha yi maka mita cewa kana cinye mana wuri.

Ka san Inna. Kai ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ko ranar jana'izarka ba wanda ya ga hawayenta. Wata rana na kunna ɗaya daga bidiyon, ta jiyo daga tsakar gida. Tun daga nan duk Juma'a bayan la'asar sai ta shigo ɗakina, ta zauna bakin katifa ta ce, "Kunna min mutumin naka." Ba ta kallon allon. Kunne kawai take kasawa.

Makon jiya sabon gem ɗin ƙwallo ya fito, na'ura ta ce babu wuri. Abokai na zaune suna ta "yi sauri mana". Na shiga goge-goge, na zaɓi duka na danna. Wallahi Yaya, sai da ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Sai da muka gama wasa, na je ajiye ƙwallon da na ci, na tarar da wurin fayau.

Na kai ta wurin masu gyara, suka ce sabon ya riga ya hau kan tsohon, ba ya dawowa. Na sayo ƙarin memori, babba, yana nan cikin kwalinsa. Kunya ta hana ni buɗe shi.

Juma'ar da ta wuce na ce wa Inna batirin sola ne ya mutu. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu wata. Har albarka ta sa min, wai ina kula da kayanka.

Gobe Juma'a, Yayana, kuma ba zan ƙara mata ƙarya ba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa kana Aljanna. Ni kuma ya ba ni bakin da zan faɗa mata idan ta zauna bakin katifar nan.

Ƙaninka,
Rabi'u, daga Kura.