Kamu Shida na Inna

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna? Ya yara?

Kar rubutuna ya tsorata ki, da hagu nake yi. Na zame a matakalar shagonmu na ɗinki, ƙashin da ya taso daga gwiwar hannu zuwa gefen ƙaramin yatsa ya karye. Likita ya ce ya haɗe, alhamdulillahi.

Amma Yaya, gwiwar ta ƙi miƙewa. Jiya na soka allura a yatsan, ban ji komai ba. Mai shago har ya zaunar da wata a kekena.

Yadin Inna na tafe, kamu shida, awon gwiwar hannu zuwa yatsa. In ta ga bai cika ba, ki ce rowa na yi. Kar ki gaya mata hannun wata ne ya auna.

Ki sa ni a addu'a.

Autarku