Jan Wutsiya da Shuɗin Baya: Amanar Suruki Ta Gauraye

Jama'a, a gyara zama. Wannan fili yana baƙin cikin sanar da ku cewa wata macen kifi, wadda tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, ta yi 'ya'ya, kuma ana tababa a kan asalinsu. Na daɗe ina amsa wasiƙu a kan gado da haya da makwabta, ban taɓa zaton za a kawo mini ƙarar kifi ba. Da na karanta layin farko cewa na yi, kifi ai kifi ne, a soya a huta. Ga wasiƙar.

*

Malam, don Allah ka taimake ni. Kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na kai wa kukana dariya yake yi.

Ni mai gyaran wutar lantarki ne, da mata da yara uku. Surukina, mahaifin matata, tsohon malamin makaranta ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai kiwon kifin ado a tankin gilashi, irin 'yan guntayen nan dangin karfasa da masu kiwo ke kira siklid. Nasa masu jan wutsiya ne. Shekara da shekaru yana tace irinsu, ko raga ba ya yarda a tsoma a tankinsa in ta taɓa na wani.

Gaskiya Baba bai taɓa ɗaukata da muhimmanci ba. In na je gaisuwa yana amsawa ne idonsa a jarida. Don in samu abin da zai haɗa mu hira na sayi nawa tankin, na zuba masu shuɗin baya, namiji ɗaya mata biyu. Dabara kuwa ta ci. Mutumin da ba ya ce mini komai sai "ya aiki" ya koma kirana a waya yana tambayar ɗumin ruwa.

To, da zai tafi aikin ido wajen babban ɗansa, bai bar wa 'ya'yan cikinsa kifin ba, ni ya kawo wa. Namiji da mace, su kaɗai suka rage masa masu haihuwa. Ya ce, "Kai kaɗai ka san darajarsu." Malam, ranar da ƙyar kaina ya shiga ƙofa.

Wata safiya ina shirin fita aiki sai na taka ruwa a falo. Tankin Baba ya tsage daga kusurwa, ruwa ya bi ƙarƙashin kujera ya nufi soket. Na kashe wuta da gudu. Ɗanyen ruwan famfo kashe kifin nan yake yi, ba ni da wani ajiyayye, sai na kwashe su na zuba a tankina, na ce kafin in gyara. Da na gyara na zo mayar da su, namijin ba wuya, wutsiyarsa kamar tuta. Amma matan! Dukansu ukun ruwan ɗorawa ne mai duhu da baƙin layi a gefe, kamar an yanka musu yadi ɗaya. Na tsuguna ina kallo har gwiwata ta yi tsami. Daga ƙarshe na kama wadda ta fi natsuwa, na ce wannan da ganinta 'yar gidan malamai ce.

Ba a daɗe ba ta yi ƙwai a cikin fasasshen kaskon da muke sa musu, ta ƙyanƙyashe. Don rawar kai na kira Baba na yi masa albishir. Shi kuma ya bi abokan kiwonsa ɗaya bayan ɗaya yana yi musu alkawarin 'ya'ya. Yanzu sun tasa, mazan sun fara nuna launi. Wutsiya ja, baya yana sheƙin shuɗi. Malam, shuɗin gidana.

Na je wajen mai sayar da kifin, ya ce sam, kowane kifi da irinsa yake tafiya. Amma shi ko kwaɗo ka nuna masa cewa zai yi na waje ne. Matata kuwa dariya ta yi har da hawaye. Ta ce, "Baban yara, kai da ka kasa gane mace ɗaya a cikin uku, Allah ya so ni ba a tanki ka same ni ba." Da ta gama ta ce in yi shiru, Baba tsoho ne, kada in ɓata masa rai a kan abin da bai cika cokali ba. Ƙaninta ya ji labari, yanzu in ya gan ni sai ya ce, "Ungozoma, ya masu jego?"

Da da idon da ya tafi da shi zai dawo, wallahi da ban rubuto ba. Amma aiki ya yi kyau, ya ce yanzu har kafar allura yana gani, kuma yana hanya. Shin da gaske iri biyu suna gauraya, ko idona ne? In nemo masu jan wutsiya a wani wuri in musanya? Ko in zubar da su in ce sun mutu? Na gaji da komawa "ya aiki".

Naka,
Surukin da ruwa ya ƙare wa

*

Ɗan'uwa, sannu da jego.

Tambayar farko tukuna. Na buɗe littattafan da nake da su, na kuma leƙa waɗanda ba ni da su. E, suna gauraya, in danginsu na kusa ne. A rafi kowa yana da zaɓi, yana gane nasa ta launi da irin rawar neman aure. A tanki kuwa, in namiji ya duba gabas da yamma bai ga kowa ba sai wadda ka ajiye masa, ba ya tambayar asali. Matan da yawa daga cikin irin nan kamanninsu ɗaya, har tsofaffin masu kiwo suna rikicewa, don haka kuskurenka ba na wawa ba ne. Ban rantse ba, domin launin ƙananan kan canja kafin su girma, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da gauraye.

Ga abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi gaggawa. In wadda ka mayar ba ta Baba ba ce, to ta Baba tana ina? Tana tankinka, tare da angonka mai shuɗin baya. Ajiye jaridar nan ka je ka fitar da shi, ko ka raba tankin da gilashi. Matan uku kada wani namiji ya ƙara kusantarsu. 'Ya'yan kuma su zauna daban, kada ko ɗaya ya fita gidan da sunan tataccen iri, kada kuma ka zuba su a kwata ko rafi. Ba su yi laifin komai ba. Ka riƙe su a matsayin ado, yara su sa musu suna.

Maganar uwargida tana da ƙamshin gaskiya. Ta san mahaifinta fiye da mu, kuma ba kowace gaskiya ce ake kai wa mai jinya da zafinta ba. Sai dai shirun ba a gidanku zai tsaya ba. Baba ya yi alkawari. In ya raba 'ya'yan nan suka girma a tankunan abokansa, sunansa ne zai zube, a wajen mutanen da ya shekara yana yi musu wa'azin raga. Musanya kuwa ta fi muni: ka sa baƙon jini a irinsa, ka ɗora ƙarya a kai, sannan ka miƙa wa mai sabon ido.

Ka kira shi kafin ya iso. Kai da bakinka, kada ka aika 'yarsa. Ka fara da tsagewar tanki, domin gaskiya ce kuma ita ta ceci kifin. Sannan ka faɗi kuskuren ba kwana-kwana, ka ce matan uku suna nan lafiya, ka kasa gane tasa, kana jiransa ya zo ya nuna maka. Zai yi faɗa, wataƙila ma ka sha "ya aiki" na ɗan lokaci. Amma irinsa bai ɓace ba, namiji yana nan, macen tana nan. Kuma ban taɓa ganin tsohon malamin da aka ce masa "zo ka koya mini" ya iya daurewa ba. Ka tanadi kujeru biyu a gaban tankin.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya huci zuciyarsa, ya raya masu jego. Ka gaida ƙanin uwargida, ka ce in tanki ya sake tsagewa shi za a kira.

A farko na ce kifi kifi ne, a soya a huta. Na janye. Wannan amana ce mai wutsiya, kuma ni ne ban gane ba.