Dutse na Uku a Murhu

Alhamis, 17 ga Oktoba, 2024

Kwana tara da rasuwar Malam. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, iyakata zaure. Wannan littafin makarantar ɗiyata Mansura ne, ta bar shafuka da yawa. Ni a aji biyar na tsaya, amma hannuna bai manta ba.

Jiya aka jawo motar Malam daga Damari. Ga ta can a ƙofar gida, ƙaramar a-kori-kura fara, ko fitila ba ta fashe ba. Ta kashe mutum ta dawo Mairuwa lafiya lau.

Litinin, 21 ga Oktoba

Masu zuwa gaisuwa duk labari ɗaya suke maimaitawa. Ya tsaya a gangaren gona, ya zaga baya yana ɗaure buhunan masara, motar ta gangaro ta haɗa shi da itacen ɗorawa. Yaya Mas'udu, wan Malam, ya ce, "Mantuwa ce, bai ja birkin hannu ba. In kwana ya ƙare, sai sanadi."

Malam ba ya mantuwa. Birkin ne ke sakin kansa. Shekara uku yana kai ta gareji a Funtua, a ɗaure, bayan wata biyu ta koma gidan jiya. Ya hana ni faɗa, wai in manoma suka ji ba mai ba shi kaya. Shi ya sa yake yawo da wani baƙin dutse mai faɗin gindi, duk inda ya tsaya ya tokare taya da shi. Yana ce masa yaron mota. "Ba ya cin abinci, ba ya rashin kunya, Baraka. Ina zan sami irinsa?"

Asabar, 2 ga Nuwamba

Bari in rubuta.

Ranar da abin ya faru ina da girkin masu karyar masara. Na ɗora babbar tukunya, dutse ɗaya na murhu ya tsage biyu. Na fita na ɗauko dutsen Malam daga bayan mota, na ce in na sauke zan mayar. Ina wajen rijiya na ji tashin motar. Na ce ai zai sami wani a hanya.

Dutsen yana nan a murhuna har yau, ya yi baƙi kan baƙi. Tun ranar ban ƙara hura wuta a wurin ba. A bayan ɗaki nake girki da gawayi. Mansura ta tambaye ni dalili, na ce hayaƙi ke damun idona.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Daga ɗaki zuwa rijiya sai na wuce murhun. Daga rijiya zuwa zaure sai na hango motar. Gidan nan bai da wata hanya.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An yi sadakar arba'in. Bayan mutane sun watse Yaya Mas'udu ya tsaya bakin ƙofa ya ce za a sayar da motar a raba gado, har an sami mai saye. Barau ne, mijin Lidiya.

Lidiya! Wadda ta karɓi haihuwar Mansura a ƙaramin asibitinmu. Ran Lahadi in ta taso daga coci nan take biyowa mu sha fura. Barau da motar zai riƙa kai matan gari da kayan gona kasuwar Sheme, yaransa uku a baya.

Na ce, "Yaya, an duba motar kuwa?"

Ya ce, "Mi za a duba? Ke dai ki yi ta addu'a, wannan ba maganar mata ba ce. Nemo mani takardun motar."

Laraba, 27 ga Nuwamba

In na ce birkin na saki, za a ce to yaya yake tsayawa shekara uku. In na ce da dutse, za a ce ina dutsen. Inna, uwar Malam, tana ɗakin da ke kallon murhuna. Ita ke kawo mani goro kullum tana cewa, "Sannu ɗiyata, ke kika riƙe shi da amana."

In na yi shiru kuma, wata rana Barau zai zaga bayan motar.

Ban ci abinci ba yau.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na samo takardun a jakar fatar Malam. Har da wadda ya fi ji da ita, mai tambarin kamfani da jan rubutu a sama. A aljihun motar ya tarar da ita lokacin da aka kawo ta daga Kwatano. Ya kai aka lulluɓe ta da roba don kada ta jiƙe. Ita yake fara miƙawa a shingen hanya, yana cewa shaidar Turawa ce, mota ta asali ce. Shi Turancinsa na lambobin hanya ne, ni nawa bai kai nan ba.

Har yanzu jakar na ƙanshin turarensa.

Talata, 10 ga Disamba

Na aika aka kira Lidiya. Na rufe ƙofa na gaya mata komai, birkin, dutsen, tukunyar. Ban dubi fuskarta ba. Na ce, "Ki hana mijinki. Ga takardun, ki kai wa Yaya da hannunki, ni na gaji."

Ta karɓa tana jujjuyawa, sai ta tsaya a kan mai jan rubutun. Ta karanta, ta sake karantawa, bakinta na motsi.

"Baraka, kin san mi ke cikin nan?"

Na ce shaida ce.

Ta ce wasiƙa ce. Kamfanin ya rubuta wa Baturen da ya fara mallakar motar, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sun ce sun gano wani ƙarfe a birkin hannun irin waɗannan motoci yana cinyewa, mota na iya gangarawa ita kaɗai. A maido ta su canza kyauta, kada a tsaya da ita a gangare kafin nan. Baturen bai kai ba, ya jefa wasiƙar a aljihu ya sayar.

Shekara uku Malam na miƙa wa mutane takardar da ke cewa motarsa za ta kashe shi. Ba wanda ya karanta. Tambarin kawai suke kallo.

Na ce, "Duk da haka da dutsen na nan..."

Ta ce, "Ke, tashi daga nan. Waɗanda suka ƙera ta da injina sun san ta lalace, sai dutsen murhunki ne zai ɗauki alhaki? Wa ya ce a rataya ran mutum a kan dutse?"

Ta yi kuka, na yi kuka. Furar ta tsinke ba mu sha ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Yaya Mas'udu ya zo da faɗa, wai na ɓata ciniki daga cikin ɗaki. Ina bayan labule na ce, "Yaya, ƙanenka bai yi mantuwa ba. Ka daina faɗa wa mutane haka." Ban san muryata za ta fita ba. Ya ce a ba shi takardar ya kai a ƙara karanta masa.

Da la'asar na gaya wa Inna maganar dutsen. Ta tashi ta fita.

Lahadi, 15 ga Disamba

Kwana huɗu ba goro.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Emmanuel, ƙanen Barau mai gyaran mota a Funtua, ya buga wa ofishin kamfanin waya. Suka ce motar da ta shigo ta Kwatano ba ta cikin lissafinsu. Shi ke nan, ba mai cewa ku yi haƙuri. Amma da lambar da ke jikin wasiƙar ya gano ƙarfen, ya ce za a samo a Kaduna. Barau ya ce zai saya, in an canza.

Inna ta turo Mansura da goro biyu. Ita ba ta shigo ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Shekaranjiya na fita takaba. Ban je ko'ina ba tukuna.

Yau Barau ya zo da motar, an canza ƙarfen. Da gangan ya tsaya a gangaren bakin kwalbati, ya ja birki ya sauko, Lidiya na ta yi masa tsiya wai ya matsa gefe. Na tsaya a zaure ina kallon tayar baya. Na yi salati ɗari. Ba ta motsa ba.

Ya ce, "Maman Mansura, ko za a ba ni yaron motar nan, don ko-ta-kwana?"

Na ce ya nemi nasa, wannan yana da aiki.

Miyar kuka ce a kan murhun. Inna ta zauna kusa tana gyara mani itace, wai ban iya hura wuta ba. Hayaƙin ya dami idona kaɗan.