Tafi Ɗaya na Shinkafa

Lahadi, 2 ga Maris

Shekara shida rabona da garinmu, Lunglei. Nan birnin Chennai zafi, amma aikin gadi bai kashe kowa ba. Ɗaki akwai, fanka na juyawa. Ya isa.

Talata, 11 ga Maris

Sanga, abokin ɗakina, ya kama ni. Na auna shinkafar tuwo, na ɗebi tafi ɗaya na zuba a gwangwani, yadda Inna ke ware na Ubangiji kafin ta ɗora tukunya.

"Kai da ka ce kun raba gari da Allah?"

Na ce hannu ne, ba ni ba. Har ya ƙware don dariya, ɗan banza.

Alhamis, 20 ga Maris

Tun a gida dattawan ikilisiya suka sa ni a horo saboda giyar da na sayar. Na sayar, ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya tsaya mini, biyu cikinsu na san ƙofar bayan da suke bi su saya. To. Wannan tsakaninsu da Shi.

Asabar, 29 ga Maris

Kifi ya yi araha. Na ci na ƙoshi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gwangwani ya cika, ƙwari na neman shiga. In ci, ba tawa ba ce. In zubar, Inna ta ji a jikinta. Sanga ya ce mutanenmu na sujada a zauren wata makaranta, mata na karɓar irin wannan shinkafar.

Wa zai karɓi sadakar wanda ke horo?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je miƙawa kawai. A bas na shirya jawabi: wane ne ni, me na yi, su yanke hukunci. Wata tsohuwa, Pi Hmingi, ke riƙe da buhu.

"Baba, ni dai a gida an..."

"Juye, ɗana, hannuna ya gaji."

Na juye, shinkafata ta shige cikin ta kowa. Na duba, na kasa gane tawa.

"Ka ci abinci? Zauna can, kusa da fanka."

Na zauna, don fankar. Da aka fara waƙa bakina ya bi. Jawabin kuwa na yi shi, amma ba ga mutane ba, kuma kamar an riga ni sani.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na tambayi Sanga lambar wayar faston gida. Tambaya ce kawai.

A gwangwani: tafi uku.