Rantsuwar da Na Sa Ka Yi

Zuru, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya aikin asibiti? Allah ya ƙara rufa asiri.

Ka yi haƙuri da takarda, a waya bakina ba zai iya ba.

Kulu matar Yari ta rasu ranar Alhamis. Kwana tara ana yi mata allurar zazzaɓin cizon sauro. Ni na yi mata wanka, yadda na saba yi wa matan unguwa, da hannuna haka nan. Sai bayan an rufe ta sakamakon gwaji ya iso, ashe zazzaɓin Lassa ne. Yanzu autarta ma tana kwance. Ni kuma an ce in zauna ɗaki kwana ashirin da ɗaya, ana zuwa auna zafin jikina. Lafiyata lau, kada ka taso.

Ma'aikacin da ke zuwa ya ce likitocin da suka ƙware a irin wannan cuta ba su da yawa. Na san ajali ba ya jinkiri. Amma tun da ya faɗa, maganar ba ta bar raina ba.

Ka tuna bara, da malaminka Dokta Joel ya zo har gida yana roƙon ka shiga karatun ƙwarewa kan cututtuka masu yaɗuwa. Ya ce gurbi huɗu gare su, mutum ɗaya ya nema. Na dama masa fura, na sallame shi da fara'a, sannan na ɗauko Alƙur'ani na sa ka rantse ba za ka shiga ba. Ka rantse, ko kai ba ka ɗago ba. Tsoro ne kawai, Zakiyyu, na fake da littafin Allah.

Na aika an tambayi malamin masallacinmu. Ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya warware, ya ciyar da miskinai goma. Kaffarar a kanka take, amma zan iya fitarwa in ka yi izini. Laifin nawa ne, bari hatsin ya fita daga rumbuna. An hana ni taɓa abincin kowa, maƙwabciyata Rachel ce za ta auna.

Na ji ƙarshen wata za a rufe karɓar takardun shiga karatun. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina tsoro. Duk da haka ka je wurin Dokta Joel.

Ka yafe mini, ka turo izinin. A gaida yara.

Mahaifiyarka,
Saude