Hannun da ya ɗaga labulena

Tamanrasset, Aljeriya.

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Mahamane.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen gidanmu na Agadas. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sauƙaƙa mata ciwon gwiwar nan, ya jiƙan Baba, ya sa albarka a kasuwarka. Mu ma nan mun gode Allah. Maigidana Tasi'u yana ta fama da shago, jaririya Raihana kuma ta fara gane fuskata, har tana yi mini murmushi. Duk wanda ya gan ta sai ya ce goshin Inna ta ɗebo. Na so a ce labarinta kaɗai zan ba ka, amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma kai ne za ka taya ni fitar da ita.

Maganar Alhaji Sharifu ce, mutumin da yake ajiye dabino da makaroni a mangaza, ɗakin ajiyar gidanmu na Agadas, wanda ka haɗa mu da shi lokacin da za mu taho nan, ka ce ɗan'uwa ne. Ban ga laifinka ba, Yaya, domin mugu ba shi da kama. Gidan da ya ba mu haya na matarsa ne, 'yar ƙasar nan, amma shi yake juya shi. Tun farkon zamanmu na lura in muka fita sai mu tarar an taɓa mana kaya. Wata rana ma na dawo daga awo a likita na tarar da sawun takalmin namiji har bakin gadona. Tasi'u ya same shi cikin ladabi, sai ya yi dariya ya ce ai ya zo duba famfo ne, kuma mai gida ba ya neman izini a gidansa. Da muka ce za mu sake kwaɗo, sai ya tuna mana cewa mu baƙi ne, kuma ya san inda ake loda baƙi a mota a kai su bakin iyaka. Takardunmu cikakku ne, amma ka san zaman ƙasar wani, ko mai takarda in ya ji wannan magana sai ya shiga taitayinsa. Muka haɗiye.

Ranar da abin ya faru ban yi arba'in ba. Tasi'u ya bi mota zuwa In Amguel kai wa wani mai shago kaya. Maƙwabciyata Nana Khadija, 'yar Maraɗi ce, ita ta tsaya mini a matsayin uwa tun da na haihu, ta dafa mini ruwan wanka ta kai bayan labulen da muka ɗaura a tsakar gida, ta kulle mini ƙofa ta tafi duba tukunyarta. Da hantsi ne. Ina tsakiyar wanka sai na ji makulli yana juyawa, na ji muryoyin maza. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce akwai mace tana wanka, kada a shigo. Yaya, ya ji ni sarai, domin ya amsa. Cewa ya yi ba a haifi wanda zai hana shi shiga gidansa ba, ya kawo masu son kama haya ne su ga wuri, in yi abin da nake yi. Na jawo zane na rufe jikina, ina jin takunsa yana matsowa, yana nuna musu ɗaki da madafa. Sai kawai na ga yatsunsa a gefen labulen, ya fara ɗagawa wai su ga inda ruwa yake fita. Taɓarya tana jingine a bango kusa da ni. Ban tsaya shawara da kowa ba, na ɗauke ta da hannu biyu na sauke masa ita a wuyan hannu. Na ji ƙarar ƙashin, kuma wallahi har yau in na tuna ƙarar nan sai in ji sanyi a raina.

Maimakon kunya ta kama shi, sai ya wuce komisariya, wurin 'yan sanda, da hannu a rataye ya ce wata baƙuwa ta far masa a gidansa. Aka zo aka tafi da ni, da ɗanyen jiki, ba a bar ni na ɗauki Raihana ba. Na wuni a kan benci, nono ya cika yana zuba har ya jiƙa mini riga, yarinya kuma tana can hannun Nana Khadija tana tsala kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa yana zaune nesa kaɗan da ni, yana gaya mini da Hausa, don kada 'yan sanda su ji, wai in shirya shan rana a hanyar Assamaka, can bakin iyaka, 'yata kuma in ga wanda zai shayar da ita. Wannan maganar ita ce ba zan yafe ba. Tsiraicin da ya nemi tona mini da sauƙi a kanta.

Allah da ikonsa, ɗaya daga cikin mutanen da ya kawo, wani dattijon Buzu mai lambu daga Mertoutek, shi da kansa ya biyo mu komisariya ba wanda ya kira shi. Ya ce ya ji kukan matar da kunnensa, shi da abokinsa sun ja da baya zuwa ƙofa, Alhaji ne ya ci gaba. Ya ce da 'yarsa ce aka yi wa haka, da ba a hannu abin zai tsaya ba. Babban ɗan sandan ya sa aka fassara mini cewa gidan da mutum ya kama haya gidansa ne muddin yana ciki, mai gida ba shi da ikon buɗewa ya shiga sai da yardarsa, kuma wanda aka auka wa ya kare kansa daidai gwargwado ba a ɗora masa laifi. Ya tambaye ni ko ina so in shigar da ƙara. Na kalli Alhaji Sharifu, na ga fuskar nan tasa ta faɗa kamar an tsoma kaza a ruwa, na ce ina so, yanzu ma kuwa.

Daga nan sai 'yan ban haƙuri suka yi ta sintiri. Manyan 'yan kasuwarmu suka zo suka cika mana ɗaki, wai kada a kai ɗan'uwa gaban Larabawa, wai haƙuri maganin zaman duniya. Na ce musu ta bakin Tasi'u, ranar da ɗan'uwan ya kai mai jego gaban Larabawan, ina suke? Tasi'u kansa ya so ya yi laushi, ka san shi da gudun fitina, amma da ya ga yadda Raihana ta yi kwanaki tana zazzaɓi sai ya ce in yi abin da na ga dama, yana bayana. Mun je gaban alƙali, dattijon nan ya sake hawo mota tun daga ƙauyensu ya maimaita shaidarsa. An kama Alhaji da laifi, an ci shi tara, an kuma gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya sake, gidan kaso zai kwana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Hannun ma an ce ya ɗore a karkace, ko cokali da hagu yake riƙewa. Mun bar masa gidansa, Nana Khadija ta samo mana wani a bayan nasu, kwaɗon ƙofar kuma ni na je kasuwa na zaɓo shi da kaina.

To, Yaya, saura naka. Na ji zai zo Agadas bayan Sallah. Ina roƙonka don darajar Baba, kada ya ƙara ajiye ko buhu ɗaya a gidan da aka haife ni. Amma ban ce ka fasa masa ƙofar mangazar ba, ko ka taɓa masa ƙwayar dabino, don kada ya sami bakin magana. Ka jira shi ya zo, ka kira liman da dattawan unguwa, waɗanda yake raba wa sadaka suna yi masa addu'a, ka sa shi ya buɗe da makullinsa ya kwashe kayansa da rana tsaka. In sun tambayi dalili, ka faɗa musu komai, kada ka rage ko kalma don jin nauyi. Ni ban ji kunya ba, ba ni na yi abin kunya ba. Na san Inna za ta ce in bar wa Allah. Ka gaya mata na bar masa, amma rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ban taɓa jin daɗin wata ibada kamar wannan ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaida matarka Laure da Nana Aisha da Isufu, ka ce masa ya riƙe karatun lekkol da kyau. Ka gaida Kawu Abdulbaƙi, shi ma ina so ya tsaya a wurin ranar kwashe kayan, domin muryarsa tana kaiwa har ƙarshen layi. Tasi'u yana gaishe ku duka. In an gama, ka rubuto mini yadda fuskarsa ta yi, dalla-dalla, kada ka taƙaita.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Taka ƙanwa,
Gwamma.