Rabon Gogo a Kwalin Fiza

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a zafin Omdurman, inuwar da nake gudu in fake in rana ta take, Muntari ɗan gidan Gogo na unguwar Alsawra, wanda a tsallaken kogi ake kira Ustaz Mukhtar.

Sallama gare ka, irin wadda ba ta jiran amsa, don na san kwanan nan amsa ta yi maka tsada. Ya hasken safiyata! Ya iskar da ke tasowa daga Mugran, inda kogunan nan biyu suke rungumar juna ba sa jin kunyar kowa! Ka yafe mini da na rubuto da Hausa. Na san takan toshe maka kunne in kana cikin mutane, to ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka karanta, babu mai ganin ka.

Ka tuna lokacin da kuɗin fetur ya shigo gari, shagunan fiza suka fara tsirowa unguwa-unguwa kamar ciyawa bayan ruwan fari? Kai ka ce ba za mu mutu ba mu ɗanɗani abin da Turawa ke ci ba. Duk Alhamis in ka taso daga ofis a Khartum, sai mu zaɓi shago guda mu je mu yi masa shari'a. Na farko a bakin titin Wadi, mai shi tsohon mai burodi ne. Ya kawo mana abu mai kaurin katifa, ya barbaɗa masa farin cuku mai gishiri da tumatir, ya rantse fiza ce. Ka gutsura ka ce wannan ai gurasa ce da ta je makaranta, na yi dariya har na ƙware. Na bayan kasuwar Omdurman kuwa barkono ya zuba kamar muna gaba da shi, idona ya yi ta ruwa, ka share mini da hankicinka, sannan ka waiwaya ko 'yan sandan ɗa'a na kusa, ka ce wa mai shagon ƙanwarka ce ni. Wani shagon wuta ta ɗauke ana cikin gashi, muka ci rabi ƙonanne rabi ɗanye. Wallahi Muntari, ko ƙasa ka ba ni a kwanakin nan, da na ce ta ji gishiri daidai.

Kuma ko'ina muka je, yanka na ƙarshe ba a taɓa shi. Kai ka kafa dokar: ba a cin daɗi a waje a koma gida hannu rabbana. Rabon Gogo ne, ƙanwar mahaifinka, wadda ta tsinci auduga a Jazira har bayanta ya lanƙwashe, ta dawo ta soya gyaɗa a ƙofar makaranta har ka gama jami'a. Ba ta da haƙoran tauna gefen, sai ta jiƙa a shayi, tana ci tana cewa waina ce da ba ta samu hannu ba, amma ko ɓurɓushi ba ta bari.

Sai ranar da muka je unguwar Amarat. Ya masoyina, me ya kai mu? Shagon gilashi, sanyi kamar a cikin tulu, wuƙa da cokali mai yatsu a naɗe cikin takarda. Ba zan ci haƙƙinsu ba, fizarsu ta fi ta kowa: siririya, gefenta na ƙaras-ƙaras, cukun yana jawowa kamar danƙo. Muna cikin ci abokan aikinka suka shigo, tare da Duha 'yar mai kamfaninku, suka ja kujeru. Ni ko, 'yar Alsawra da ba ta san dawan garin ba, na ga saura yanka ɗaya, sai na ɗaga murya da Hausa kamar kullum na ce ka sa a kawo kwali a ƙunshe wa Gogo.

Wane kallo ne ka yi mini, ya tauraron asubata? Ka juya gare su, cikin Larabcin nan naka mai santsi, ka ce ba ka jin yaren da nake yi. Ka ce ni 'yar mai wankin gidan da kake haya ce, ka same ni a tashar mota da yunwa ka tausaya. Sannan ka ja rabon Gogo gabanka, ka yanka shi ƙanana da wuƙa, ka cinye. Na ji zafi, Muntari. Na yi kuka a cikin hafla, motar hayar nan, tun daga Khartum har muka haye gada. Da na iso, Gogo na zaune a ƙofa tana jiran kwalinta, na ce mata shagon a rufe yake.

Amma Allah ya yi wa Duha albarka, yarinya ce mai tausayi! Kafin in fita ta bi ni wurin wanke hannu, ta tambaye ni ko ina son aiki. Ta ce Juma'ar da ke tafe za a yi baikonku a gidansu na unguwar Riyad, ana neman masu wanke-wanke. Ta kwatanta mini gidan sarai: koren ƙyaure, daura da masallaci. Har da ƙwalla ta gaya mini ba ka da kowa a duniya, danginka sun ƙare can arewa a bakin kogi, babanta ne zai aro abokansa su zauna a ɓangarenka. A gaban famfo, hannuna da sabulu, na ji labarin auren masoyina. Kai ka ba ni sana'ar, ita ta ba ni kwatancen.

To ya zumar raina, yaya zan bari wanda nake so ya zauna maraya ranar farin cikinsa? Na kai wa Gogo albishir. Da ka ji guɗar da ta yi! Ta ce kunya ce ta hana ka faɗa, haka ubanka yake. Ta ƙunsa lalle hannu da ƙafa, ta fito da lulluɓin da ta daɗe tana ɓoyo. Matan layinmu sun jiƙa shinkafar waina, ana dakan fura, Malam Jafaru limamin unguwa ya tara dattawa, an riga an kama hafla guda. Gogo tana ta bitar kirarin da take yi maka kana goye, don ta ce sai surukanta sun san jikan wa suka samu. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ba na roƙon ka ka dawo gare ni. Roƙona ɗaya ne, ka tare ta a bakin koren ƙyauren nan da kanka. In ka durƙusa ka gaishe ta yadda ta koya maka, baban Duha zai ji ko ɗan wa kake. In kuma ka ga baikon ya fi, Larabcinka na nan bai ƙare ba. Kana iya zuwa kafin Juma'a ka hana ta, ƙofarta ba ta da sakata, sai ka zauna a tabarmarta ka gaya mata dalili. Na san tsohuwa ce, na san zuciyarta ba ta da sauran ƙarfi. Na auna wannan duka, ya abin ƙaunata, ban fasa ba. Abin da ka faɗa a Amarat ban gaya mata ba, na bar maka ta ji daga bakinka.

Aikin kuwa na karɓa. Zan zo da wuri in zaɓi wurin wanke-wanke inda ake hango ƙofa.

Taka a gaban kowa, da kowane yare, har ranar da kogin nan zai ƙafe; wadda ba za ta taɓa cewa ba ta san ka ba,

Mero